Tambaya da Amsa: Mun Sayi Faifan Fim, Ko Muna da Ikon Ɗora Shi a Intanet Don Ɗalibai?

Wasiƙu uku ne suka iso wannan fili daga ƙasar Saudiyya a kan batun fim da ɗakin karatu na jami'a, kuma da yake amsar kowace tana jingine da ta 'yar'uwarta, mun ga ya dace mu haɗa su a fitowa ɗaya. Mun taƙaita wasiƙun, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda aka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni haifaffiyar Makka ce, iyayena daga Katsina suka zo, yanzu kuma ina aiki a ɗakin karatu na wata jami'a a Jidda. Wata Dakta da ke koyar da nazarin fim ta kawo mini sunayen finafinai 12 da take so ɗalibanta su kalla a gidajensu kafin su shigo aji. Bakwai daga ciki muna da faifansu na asali, waɗanda jami'a ta saya da kuɗinta. Ta ce in juye su a kwamfuta in ɗora a Blackboard, wato dandalin karatu na intanet da jami'armu ke amfani da shi, tunda babu mai ganinsu sai ɗalibar da ke da lambar shiga, kuma ba za a karɓi ko halala ɗaya (kwabon Saudiyya) ba. Zuciyata ba ta kwanta ba, amma na rasa hujjar da zan ba ta. Shin muna da wannan iko? In ba mu da shi, ina ake samunsa, kuma nawa yake ci?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Zuciyarki ta gaya miki gaskiya. Sayen faifai bai ba jami'a ikon juye fim gaba ɗaya ta ɗora shi a intanet ba, ko da an kulle shi da lambar shiga, ko da kuma kyauta ake kallo. Hanya mafi sauƙi da za ki bi ki fahimtar da Dakta ita ce bambancin da malaman fiƙihu suka yi tsakanin ciniki da haya, wato tsakanin mallakar abu da mallakar amfaninsa. Abin da jami'a ta saya shi ne wannan faifan da ke kan kanta, kuma nata ne, ta ajiye shi ko ta ba ɗaliba ta zauna ta kalla a ɗakin da aka tanada. Amma ikon sake buga fim ɗin da ikon isar da shi ga jama'a ta hanyar sadarwa suna nan a hannun mai haƙƙinsa, bai sallama su ba ranar da ya sayar da faifan. Juyewar da za ki yi zuwa kwamfuta sabon kwafi ne, ɗorawa a rumbun jami'a wani kwafin ne, sannan duk ɗalibar da ta danna daga gidansu an isar mata da fim ɗin ne ta hanyar da mai shi bai yarje ba. Wannan ikon shi ake karɓa haya, takardar hayar kuwa ita ce lasisi.

Dokar kare haƙƙin mawallafi da Saudiyya ta fitar a shekarar 1424 ta Hijira, daidai da 2003, ta ba fim kariyar shekara 50 daga lokacin da aka fara nuna shi, kuma tunda ƙasar ta shiga Yarjejeniyar Bern ta kare haƙƙin mawallafa tsakanin ƙasashe a 2004, fim ɗin Faransa ko na Najeriya yana da kariya a nan kamar na gida. Dokar ta yi rangwame a wasu wurare, sai dai rangwamen ba shi da faɗi. Ta yarda mutum ya kwafi aiki don amfanin kansa, amma ta cire manhajar kwamfuta da abin sauti da fim daga wannan sassauci. Ta yarda a yi amfani da aiki wajen koyarwa don ƙarin bayani, gwargwadon abin da manufar darasin ta buƙata, ta kuma yarda ɗakin karatu ya yi kwafi ɗaya ko biyu bisa sharuɗɗa, daga cikinsu kada a tauye amfanin da mai aikin yake samu, kuma ya zamana aikin ya ƙare a kasuwa ko ya ɓace ko ya lalace. Malamar da ta ɗauko minti uku ko biyar na wani fim don ta nuna wa ɗalibai yadda darakta ya sarrafa haske tana da abin kafa hujja. Wadda ta ɗora fim na awa biyu daga farko har ƙarshe, alhali ana sayar da lasisinsa a kasuwa, ba ta da shi. Hukuncin da waccan doka ta tanada ya kai tarar riyal 250,000 da ɗaurin da zai iya kaiwa wata shida. Hukumar kula da haƙƙin mallakar fasaha ta Saudiyya, wadda ke Riyad, ita ke riƙe da wannan fanni, kuma kafin ku sa hannu a kowace takarda ya kamata sashen shari'a na jami'arku ya duba nassin da ke aiki a wurinta.

Ina kyautata zaton Dakta ta samo ra'ayinta ne daga rubuce-rubucen ma'aikatan ɗakunan karatu na Amurka, domin su ne suka fi kowa cika intanet da bayani a kan wannan batu. A can, sashe na 110 na dokarsu ya yarda malami ya nuna fim gaba ɗaya a cikin aji, gaba da gaba da ɗalibansa, muddin kwafin na halal ne kuma makarantar ba ta neman riba ba ce. Amma ko a can ɗin, da aka zo kan karatu daga nesa, gyaran da suka yi wa dokar a 2002 bai yarda a aika da fim irin na labari ba sai ɗan yanki mai iyaka. A 2010 wata ƙungiyar masu rarraba finafinan ilimi ta kai Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelis ƙara a kan irin abin da aka umarce ki ki yi. Kotu ta kori ƙarar a 2012, amma galibi a kan hurumin masu ƙara da kariyar da jami'ar gwamnati take da ita, don haka ainihin tambayar ba ta samu yankakken hukunci ba. Kuma ko da ta samu, dokar Amurka ba ta aiki a Jidda.

To, ina ake samun lasisin? Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, su tara ikon finafinai daga masu su, su ba makarantu haya ta dandalinsu. Swank, wanda ke birnin Sant Luwis na Amurka tun 1937, ya shahara da wakiltar manyan kamfanonin Holiwud. Kanopy, wanda aka kafa a Ostireliya a 2008 kuma kamfanin OverDrive ya saye shi a 2021, ya fi ƙarfi a finafinan masu zaman kansu da tsofaffin finafinan da ake nazari a jami'o'i. Alexander Street, wanda ke ƙarƙashin ProQuest, ya fi karkata ga finafinan ilimi da na tarihin gaskiya. Sai dai ina roƙonki, kafin ki tambayi farashi ki tambayi ƙasa. Ana sayar da ikon fim ne yanki yanki na duniya, ta yadda fim ɗaya zai iya samun mai riƙe da shi a Amurka, wani daban a Turai, wani kuma daban a Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka. Jerin finafinan da za ki gani a shafin kamfani galibi na abokan cinikinsa na Amurka da Kanada ne, kuma ba lallai ne ikonsa ya kai Saudiyya ba. Tun da aka sake buɗe gidajen silima a ƙasar a watan Afrilu na 2018, bayan sama da shekara 30 suna rufe, ikon wannan yanki ya ƙara daraja, masu riƙe da shi kuma sun ƙara sa ido. Don haka a finafinai da dama wasiƙarki za ta ƙare ne a teburin dillalin yanki, irin su Front Row da ke Dubai, ko MAD Solutions da ke Alƙahira idan fim ɗin na Larabawa ne. Sunan dillalin yana fitowa a bayan kwalin faifai ko a farkon fim.

Batun kuɗi kuwa ya danganta da irin hayar da kuka zaɓa. Akwai biyan kuɗin shekara a kan tarin finafinai gaba ɗaya, akwai kuma zaɓar fim ɗaya ɗaya a biya masa lasisin shekara ɗaya ko uku. Na ukun shi ne ya fi buƙatar hattara, wato a buɗe wa ɗalibai duk jerin finafinan, ɗakin karatu ba ya biyan komai sai an kalli wani fim sau adadin da aka ƙayyade, daga nan sai takardar biya ta fito da kanta. A tsarin da aka san Kanopy da shi a jami'o'in Amurka a shekarun baya, kallo huɗu ne ke jawo lasisin shekara ɗaya a kan dala 150, kuma ɗalibin da ya buɗe fim ya yi daƙiƙa 30 ya rufe an lissafa shi cikin masu kallo. Idan muka ɗauki wannan farashi a matsayin ma'auni kawai, a kan canjin riyal 3.75 ga dala ɗaya, finafinan Dakta 12 za su ci dala 1,800, wato riyal 6,750 a shekara, kuma wannan abu ne da kasafin sashe zai iya ɗauka. Amma idan aka bar ƙofa a buɗe har finafinai 200 suka kai kallo huɗu, an doshi riyal 112,500, a kan finafinan da mafi yawansu ba su da alaƙa da wani darasi. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. A watan Yuli na 2019 manyan ɗakunan karatu na jama'a guda uku da ke birnin Niu Yok suka daina hulɗa da Kanopy saboda tsada, kuma ba ƙananan ma'aikatu ba ne. Shawarata ita ce ku tsaya a kan zaɓar fim ɗaya ɗaya bisa buƙatar malami a rubuce, in kuwa sai kun shiga wancan tsari, to a sa masa iyakar kuɗi, kuma kada wani fim ya buɗe sai ma'aikaci ya amince.

Idan takardar yarjejeniya ta zo, ki karanta ta da biro a hannu. Wurin da aka fi samun tuntuɓe shi ne bayanin waɗanda aka yarje wa kallo, domin wata takardar ta ce ɗalibai da ma'aikatan jami'a duka, wata kuma ta ce ɗaliban darasi kaza kaɗai, kuma farashinsu ba ɗaya ba ne. Ki tabbatar an rubuta ƙarara cewa ɗaliba za ta iya kallo daga wajen harabar jami'a, an kuma bayyana matsayin wadda ta yi tafiya hutu zuwa wata ƙasa. Ki daidaita ranar farawa da ranar ƙarewa da zangon karatunku, kada lasisi ya mutu ana saura mako biyu jarrabawa. Ki tambayi abin da zai faru idan kamfanin ya rasa ikon fim ɗin a tsakiyar shekara ya janye shi, ko zai mayar da kuɗi ko zai ba da wa'adi. Rubutun fassarar Larabci da ke fitowa a ƙasan allo shi ma aiki ne mai haƙƙin kansa, kuma sau da yawa yana hannun dillalin yanki, ba ya cikin kwafin da kamfanin Amurka yake da shi. Sannan tunda dandalin zai riƙa tattara bayanan masu kallo, sai a duba ko tsarinsa ya dace da dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya, wadda ta fara aiki a watan Satumba na 2023.

Akwai wani abu da ya keɓanta da inda kike, wanda rubutun Amurkawa ba zai gaya miki ba. Izinin mai fim daban, yardar hukuma daban. Hukumar da ke tsara harkar yaɗa labarai a Saudiyya ita ke tantance finafinai tana sa musu matakin shekaru, jami'arku ma tana da nata ƙa'idojin. Idan fim yana da wurin da bai dace a nuna ba, kada ku sa almakashi da kanku, domin yawancin yarjejeniyoyi sun hana gyara ko yanke fim, kuma dokar ƙasa ta ba mai aiki ikon hana a taɓa aikinsa ba da yardarsa ba. Abin yi shi ne a nemi kwafin da aka riga aka tace wa wannan yanki daga dillali, ko a nemi dandalin da ke ba malami damar keɓe sassan da yake so ɗalibai su gani, ko a bar fim ɗin a nemi wani.

Game da bakwai ɗin da kuke da faifansu, ki ajiye su a kantar littattafan darasi, a tsara lokutan kallo a ɗakin karatu har zuwa lokacin da lasisi zai fito, domin neman lasisi yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Ki kuma zauna da Dakta ta ware miki waɗanda lallai sai an kalle su dukkansu daga waɗanda ɗan yanki ya wadatar, za ki ga adadin ya ragu. Ki tuntuɓi Maktabar Dijital ta Saudiyya, wadda aka kafa a 2010 don ta riƙa yi wa jami'o'in ƙasar cinikin rumbunan ilimi a dunƙule, ki ji ko akwai tarin bidiyo a cikin abin da jami'arku take da shi ta wannan hanya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma farashin da ake yi wa jami'o'i da yawa ba shi ake yi wa guda ɗaya ba.

Ba zan ɓoye miki abin da ke damuna a wannan tsari ba. Ɗakin karatu an gina shi ne a kan tarawa, abin da aka saya bana jikokin ɗaliban bana za su same shi. Haya kuwa ba ta barin komai a kan kanta, ranar da aka daina biya allo ya yi duhu, ko da an shekara goma ana biya. Saboda haka kada kowa ya ruɗe ki ki zubar da faifan nan da sunan zamani ya wuce su, da tsohuwar zuma ake magani. Ki kuma ajiye na'urar kunna su cikin ƙoshin lafiya, kina tuna cewa faifan DVD na Amurka lambar yanki ta 1 gare shi, na Gabas ta Tsakiya ta 2, na Najeriya ta 5, don haka na'urar da ke karɓar kowane yanki ita ta fi amfani a gare ku. Duk inda kuma kika samu mai fim da ya yarda ya sayar da lasisi na dindindin, wanda ya fi yawa a wurin ƙananan kamfanoni, ki fifita shi ko da ya fi tsada a ranar farko.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne a Makka, kuma ina cikin shugabannin wata ƙungiyar ɗalibai. Muna so mu riƙa haska fim da majigi a zauren ɗakin karatu duk daren Alhamis, kyauta. Ɗaya daga cikinmu yana biyan Netflix, wani kuma yana biyan Shahid, dandalin kallon finafinai na Larabawa. Tunda kuɗinmu muke biya kowane wata, akwai laifi?

AMSA: Akwai, ɗan'uwa. Sharuɗɗan da abokinka ya amince da su ranar da ya buɗe asusun Netflix sun ce kallon na kansa ne da mutanen gidansa, ba na nuna wa taro ba, kuma haka dandalin nishaɗi irin waɗannan suke tsara rajistarsu. Rashin karɓar kuɗin shiga bai canza komai ba, domin abin da ake dubawa shi ne an tara jama'a waɗanda ba iyali ba. Netflix ya keɓe wasu finafinansa na tarihin gaskiya ya yarda a nuna su don ilimi ba tare da neman riba ba, kuma yana rubuta wannan izini a shafin kowane fim da abin ya shafa, amma izinin bai haɗa da sauran finafinansa ba. Ka kuma sani cewa ko ɗakin karatunku yana da lasisin darasi irin wanda muka yi bayani a sama, nuna fim ga taro iko ne na daban da ake nema da sunansa. Ku zaɓi fim, ku kai wa shugaban ɗakin karatu da ofishin harkokin ɗalibai, su nemi izinin nuni na rana ɗaya daga dillalin yanki.

TAMBAYA: Malam, ni mutumin Kano ne, ina karatun digiri na uku a Madina a kan yadda ake isar da saƙon tarbiyya a finafinan Hausa. Mai duba aikina ya ce in nemi ɗakin karatu ya tanadi finafinan da nake nazari a rumbunsa, don masu jarrabawa da ɗaliban da za su zo bayana su same su. Yawancinsu suna YouTube. Me zai hana mu sauke su kawai? In kuma sai da izini, wa zan tambaya?

AMSA: Malam, wasiƙarka ce ta fi taɓa ni a cikin ukun, domin a nan ne aka fi samun sakaci, har daga mutanen da ba za su taɓa kwafar fim ɗin Turawa ba don tsoron lauya. Kasancewar fim a YouTube bai mayar da shi na kowa ba. Idan a tashar mai shi ta gaskiya yake, kana iya ba ɗalibai adireshinsa su kalla a can, shi kuma ya samu ɗan abin da talla ke kawo masa. Saukewa a ɗora a rumbun jami'a kuwa kwafi ne da ke buƙatar izini. In kuwa wani ne ya sato ya ɗora, to ko adireshin ma bai kamata ɗakin karatu ya yaɗa ba. Tunda a Madina kake, ka fi ni sanin cewa wannan ba maganar dokar Turawa kaɗai ba ce. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa, wadda hedikwatarta ke Jidda, ta zartar a zamanta na biyar a Kuwait a watan Disamba na 1988, a ƙuduri mai lamba 43, cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, masu su suna da ikon sarrafa su, kuma bai halatta a keta su ba.

Wahalar da za ka fuskanta ita ce gano mai haƙƙin. Manyan kamfanonin da na ambata a amsar farko ba nan za ka je neman finafinan Kano ba, sai ka bi sawu da kanka. Tun daga fim ɗin Turmin Danya a 1990, sana'ar ta tashi ne a kan kaset, sannan faifai, kuma ciniki da yawa tsakanin furodusa da 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da na Bata da baki aka yi shi, bisa amana. Akwai furodusan da ya sayar wa ɗan kasuwa ikon buga faifai kaɗai, akwai wanda ya sallama fim ɗin ɗungurungum, kuma a wancan lokaci babu wanda ya yi tunanin intanet balle ya ambace ta. Daga baya wasu suka ba tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ko dandalin kallo irin su Northflix, wani ɓangare na ikon, wani lokaci bisa sharaɗin kada a ba kowa sai su. Don haka ka fara da kamfanin da sunansa ya fito a farkon fim, ka tambayi furodusa kai tsaye ko ya taɓa sallama wa wani ikon intanet, da kuma har zuwa yaushe. Idan ka rasa shi, ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001 kuma finafinai suke bi ta hannunta, wurare ne da za a iya yi maka kwatance. Kada ka manta da waƙoƙin da ke cikin fim, domin akwai mawaƙin da bai sallama wa furodusa waƙarsa ba sai don wannan fim ɗin a faifai.

Ka nace a kan rubutu. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta yarda lasisin da bai keɓanta ga mutum ɗaya ba ya kasance da baki, amma dokar Saudiyya ta 2003 ta shar'anta a rubuta miƙa haƙƙi tare da bayyana iyakarsa ta lokaci da wuri, kuma babu sashen kuɗi na jami'a da zai fitar da riyal a kan saƙon murya na WhatsApp. Ba sai takardar ta yi tsawo ba, shafi biyu sun isa, da Hausa da Larabci. A rubuta sunan fim da shekararsa, da shaidar mai sa hannu cewa shi ke da ikon, da cewa jami'a za ta ajiye kwafi a rumbunta don ɗalibanta da malamanta kaɗai, ba tare da damar saukewa ba, shi kuma yana nan da 'yancin sayar wa duk wanda ya ga dama. A ƙara da izinin sa fassarar Larabci a ƙasan allo, tunda masu jarrabawarka ba Hausa suke ji ba, kuma fassara iko ne da sai mai fim ya bayar. Zai kyautu a ba furodusa kwafin fassarar kyauta, domin za ta iya buɗe masa kasuwa a tsakanin jikokin Hausawan Makka da Jidda da Sudan waɗanda Larabci ya fi zama a bakinsu.

A nan ne kuma nake ganin ɗakin karatu zai iya yin abin da ya fi haya. Finafinan Hausa da dama na zamanin kaset ba su da kwafi mai kyau a hannun masu su, wanda ke intanet kuma dusu-dusu ne, ana iya goge shi a kowane lokaci. Ka dubi Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ya shekara da shekaru ba a ganinsa, sai da aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya, cibiyar finafinai ta Arsenal da ke Balin a Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Fim ne da hukuma ta san da shi, duk da haka ya kusa salwanta, balle na furodusan da ya ajiye kaset ɗinsa na asali a shago. Saboda haka ka nemi lasisin ya zama na dindindin, ka nemi kwafi mafi inganci da ke hannun mai shi, a kuma rubuta cewa jami'a tana da izinin mayar da shi zuwa sabon tsarin ajiya idan na yanzu ya tsufa.

Wasu furodusoshin za su ce maka sun yafe, musamman idan suka ji daga Madina ake nema. Ka gode musu, amma ka roƙi ɗakin karatu ya ware wani abu ya biya, ko da kaɗan ne, domin jami'ar da za ta iya biyan dala 150 a shekara a kan fim ɗin Amurka bai dace ta karɓi na Bahaushe a kyauta har abada ba. In ya dage a kan yafewar, to a rubuta ta a takardar ya sa hannu. Idan kuma ka tarar furodusan ya rasu, haƙƙin bai mutu tare da shi ba, magadansa ne za su sa hannu ko su wakilta ɗaya daga cikinsu a rubuce, kuɗin kuma yana shiga cikin abin da za a raba musu.